Ranar da Muka Haɗu a Gaban Tulin Takalma

Jawabin da wata malamar firamare ta gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu na uku





Da aka sanar cewa zan yi magana a yau, na san da yawanku sun zaci batun tsara darasi zan ɗauko, ko cika rajistar ɗalibai, tunda su ne abincinmu na kullum. Ina neman afuwa, ba can na nufa ba. Kasuwa zan kai ku, kasuwar ma layin 'yan gwanjo. Na ga wasu sun sunkuyar da kai suna murmushi, kuma wannan murmushin shi ne dalilin jawabina.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Wata Asabar, ana saura mako guda a koma makaranta daga dogon hutu, na lissafa abin da ya rage a hannuna, na lissafa ƙafafun 'ya'yana huɗu, na ga lissafin ya ƙi fita. Biyu daga cikinsu takalmansu sun matse su, na uku nasa ya buɗe baki a gaba. Na shiga shago na tambayi kuɗin sabo, na yi godiya na fito. Sai na hau adaidaita sahu na nufi kasuwar Ƙofar Wambai ni kaɗai, ban faɗa wa kowa ba. Na ja mayafi ya rufe mini rabin fuska, ina tafe ina waige-waige, kada in yi kiciɓis da uwar wani ɗalibina ta ce ashe Malama ma a nan take saye.

Na durƙusa gaban wani tulin takalman yara ina tonawa. Na hango wani baƙi mai kauri, na kai hannu na kama ƙafa ɗaya, sai na ji an riƙe ɗayar, domin a ɗaure suke da igiyarsu. Na ja, aka ja. Na ɗaga kai don in ga mai wannan ƙarfin hali, sai na ga malamar lissafi ta makarantarmu, wadda muka shekara takwas muna zama a benci ɗaya a ofishin malamai, ita ma ta ja mayafi kamar yadda na ja. Muka yi shiru muna kallon juna. Ita ta fara fashewa da dariya, ta ce, “Malama, sakar mini, ɗanki ƙafarsa ba ta kai wannan ba.” Gaskiyarta kuwa, na sakar mata.

A hanyarmu ta komawa gida muka gano cewa kowaccenmu ta daɗe tana zuwa a ɓoye, kowacce tana biyan kuɗin mota ita kaɗai, kowacce ana yi mata tsada ita kaɗai, domin mai sauri don kada a gan ta ba ta tsayawa ciniki. Kunyar da muke ji kuɗi muke biya a kanta. Kafin zango ya ƙare mun zama mu huɗu: mu biyu, da wata malamar aji ɗaya da ta taso a gidan tela, da babbar yayarmu da ta kusa ritaya.

Ba sai na yi dogon bayani a kan abin da ya kai malami layin gwanjo ba, kowa a nan ya sani a aljihunsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, ba a jima ba darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na abinci da na sutura suka tashi lokaci guda. A watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, amma kafin ƙarin ya iso hannu farashi ya riga shi yin nisa. Ina so a fahimce ni da kyau: iya ciniki ba ya maye gurbin albashin da ya dace, kuma neman haƙƙinmu aiki ne da ƙungiya ba za ta ajiye ba. Sai dai tsakanin yau da ranar da za a biya mana buƙata, yaro zai shiga aji ranar Litinin, kuma da takalmi zai shiga.

Ga yadda muke tafiyarmu. Mako guda kafin ranar, kowacce za ta rubuta abin da gidanta ke buƙata a takarda, ta auna ƙafar kowane yaro da tsinken tsintsiya, ta karya shi daidai tsawon ƙafar da ɗan ƙari, ta liƙa masa takarda mai sunan yaron. Ba ma zuwa da yara, domin da yaro ya ga abin da yake so ya ƙyalla ido, mai kaya ya gama karanta fuskarsa, ciniki ya lalace. Mukan ɗauki adaidaita sahu ɗaya mu raba kuɗin, mu isa da sassafe, musamman in mun samu labarin ranar da za a fasa sabuwar dila. Kayan gwanjo a matse suke zuwa cikin dila, an ɗaure da ƙarfe, kuma ko mai kayan bai san duk abin da ke ciki ba sai ya yanke ɗaurin. Masu shaguna ne ke fara zaɓe, su kwashi na gaba-gaba su je su wanke su goge su rataye, su sayar da tsada. Wanda ya zo bayansu da wuri shi ke samun mai kyau a farashin ƙasa. Wanda ya zo da la'asar kuwa, araha zai samu, amma abin da kowa ya taɓa ya ajiye.

Kowaccenmu da aikinta. 'Yar gidan tela ita ce mai duba kaya. Takan juya riga ta baibai, ta duba ɗinkin hammata da bakin wuya, ta ɗaga ta ga hasken rana don ta ga inda yadin ya sirance, ta ja zif sama da ƙasa sau uku. In takalmi ne, ta lanƙwasa shi biyu ta ga ko ƙasansa zai tsage, domin akwai takalmin da ya daɗe a ajiye, a ido sabo ne, amma robarsa ta mutu, mako guda zai yi ya marmashe. Malamar lissafi ita ce ma'ajiya: kuɗin kowa na hannunta a cikin ambulan, ba ta fitar da ko sisi sai ta ga abin yana cikin takardar mai shi. Ni aikina ɗaukar kaya da tuna shagon da muka bari a baya. Ciniki kuwa na Yaya ne, kuma kallonta tana yi darasi ne mai zaman kansa.

Na taɓa ganin ta ɗauki wata jakar makaranta, ta juya ta kamar ba ta dame ta ba, ta ce, “Ɗana, wannan fa?” Yaron shago ya ce naira 9,000. Ta ajiye a hankali ta ce, “Ashe ba ta sayarwa ba ce.” Ya ce, “Hajiya, taya mana.” Ta taya 3,000. Ya ce, “Albarka.” Ba ta yi fushi ba, ba ta kushe kayan ba. Ta tambaye shi garinsu, ta tambaye shi inda ya yi firamare, ta ce masa mu huɗun nan duk malamai ne, kuma jaka biyar muke nema, ba ɗaya ba. Muka yi kamar za mu wuce, ya kira mu. A ƙarshe ya sallama kowace jaka a kan 5,000, ya yi mana gyara da safa ƙafa biyu. Da muka fito na tambaye ta sirrin. Ta ce abu uku ne: kada ki nuna kina so, kada ki wulaƙanta kayan mutum, kuma kada ki taya abin da ba za ki saya ba in an sallama. Ta ƙara da cewa mai sayen biyar ba a yi masa farashin mai sayen ɗaya, wannan kuwa ita ce ribar tafiya tare.

Mun kuma koyi sayen kaya a lokacin da ba a neman su. Rigar sanyi da bargo a watan Afrilu ake sayensu, lokacin da zafi ya sa ba mai kallonsu. In aka bari sai hunturu ya kama a Disamba, kuɗinsu ya ninka. Takalmi da jaka kuma a farkon dogon hutu, kafin iyaye su yi wa kasuwa ca a makon komawa. Mun yi wa kanmu iyaka: ba ma sayen kayan ciki na gwanjo, komai arahar su. Duk abin da muka kawo gida sai an jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu, an shanya a rana ya bushe ƙarau, an goge, kafin ya hau jikin yaro.

Kada ku ɗauka ban taɓa faɗuwa ba. Wata rana na tsallake ma'ajiyarmu, na zaro kuɗin da na ɓoye a gefen jaka, na sayi wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya, don kawai an ce mini 2,500. Irin wadda ake ɗinka wa mutanen ƙasashen da ƙanƙara ke sauka ce. Maigidana ya gwada ta sau ɗaya cikin tsakiyar hunturu, ya yi minti biyar ya cire yana gumi. Tana nan cikin akwati har yau, ta cinye wurin zannuwa huɗu. Kuɗin nan da littattafan rubutu na saya da su, da an amfana. Hausawa suka ce araha ba ta ado, ni kuma na ƙara da cewa abin da ba ka buƙata, ko nawa aka sallama maka shi, ka yi asara.

Akwai wani ɓangare na wannan kasuwa da ba ya yi mini daɗi, kuma bai kamata malami ya rufe ido a kansa ba. Yawancin tufafin nan daga Turai da Amurka da Asiya suke fitowa, kayan da masu su suka gaji da su. Suna cikin jerin kayan da dokar kwastam ta Nijeriya ta hana shigowa da su, amma da yawa kan sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su tsallako iyaka. Mu kuwa mutanen ƙasar auduga ne. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki tun 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo bayanta a Kaduna da nan Kano, dubban magidanta suna ci daga gare su. Yau galibinsu a rufe suke. Rashin wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha ta ɓarauniyar hanya na cikin manyan dalilai, gwanjo ma ya ba da tasa gudummawar. Duk lokacin da na durƙusa gaban tulin nan, nakan tuna cewa jikokin masaƙa da marina ne ke tonon abin da wasu suka yar. Ban faɗi haka don in hana kowa saye ba, ni ma gobe zan koma. Na faɗa ne don tunanin ya kai ni ga wata tambaya: shin sai kayan da suka ƙetaro teku ne kaɗai za mu iya saye a hannu na biyu? Namu na gida fa, da ke jibge a akwatuna da ƙarƙashin gado?

Kafin in amsa, ga abin da ya faru a ajina, wanda shi ya sa na karɓi wannan gayyata. Ina rubutu a allo, sai na ji dariya a bayan aji. Wani yaro ne ya nuna takalmin na kusa da shi yana cewa na gwanjo ne, har da warin dila. Yaron da aka yi wa ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin benci, bai sake ɗaga hannu ba har aka tashi, alhali shi ne mai amsa tambaya a kullum. Na tsawatar, na ci gaba da darasi. Amma da na koma gida abin ya hana ni sukuni, domin takalmin da ke ƙafata a lokacin da nake tsawatarwar, daga tuli ɗaya ya fito da nasa, kuma na yi shiru na bar yaro ɗan shekara tara ya ɗauki kunyar shi kaɗai. Washegari na shiga aji na ɗaga ƙafata na ce, “Kun ga takalmin nan? A Ƙofar Wambai na saye shi, na gwanjo ne, shekararsa biyu bai yage ba. Wa zai lissafa mini nawa na rage in sabo 12,000 ne, ni kuma na biya 4,500?” Hannuwa suka tashi. Na farkon da ya kawo amsa daidai shi ne mai takalmin jiya. Tun daga ranar ban sake jin wannan gorin a ajina ba. Yara ba su ƙirƙiri wannan kunya ba, a wurinmu suka gan ta.

Yanzu ga amsar tambayar, kuma ita ce shawarar da na zo da ita. Sayar da kayan gida da aka gama amfani da su ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun san dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙullin zannuwa da kwanuka, ta karɓa a nan ta sayar a can, ta cire la'adarta, ba tare da mai saye ta san mai sayarwa ba. A Amurka kuma na karanta cewa suna da wata al'ada: mutanen unguwa ɗaya ko gari ɗaya su sa rana, kowane gida ya fito da abin da ba ya buƙata ƙofar gida ko bakin garejin mota, ya liƙa farashi, abokai su haɗu su bi gida-gida suna neman araha. Akwai wadda ake yi a gefen babbar hanya mai lamba 127 tun daga 1987, kwana huɗu a farkon watan Agusta, daga jihar Michigan har Alabama, tsawon mil 690, wato fiye da kilomita 1,100, kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Legas. Mutanen da suka fi mu samu ba sa jin nauyin sayen kujerar maƙwabci.

Ina roƙon reshe ya haɗa hikimar dillaliya da wannan tsari, ya sa mana Asabar ɗaya kafin a koma makaranta a Satumba, a harabar makarantar da shugabanni suka ga ta dace, bayan an nemi izinin hukuma. Kowane gida ya kawo abin da ya yi wa yaransa kaɗan ko ya daina amfani da shi: takalma, jakunkuna, rigunan sanyi, kayan makaranta, littattafan karatu, keken yara, kwanuka, fitila, tebur. Ɗan wani ya wuce aji huɗu, littattafansa na kwance. 'Yar wani za ta shiga aji huɗu, uban yana neman bashi.

Na san inda gizo ke saƙa. A kasuwa baƙo kake yi wa tayi, in ya ce albarka ka wuce. A nan kuwa, wa zai iya taya kayan matar hedimasta? Wa zai so a gan shi ya sa wa ɗansa rigar ɗan abokin aikinsa? Saboda haka nake ba da shawarar sharuɗɗa huɗu. Na farko, kada mai kaya ya tsaya a kan kayansa. A miƙa su ga kwamiti tun ranar Juma'a, a ba kowane gida lamba, a jera kaya iri-iri, takalma wuri ɗaya, littattafai wuri ɗaya, yadda ba mai sanin na wane ne sai mai riƙe da rajista. Na biyu, a rubuta farashi a jikin kowane kaya, kada ya wuce sulusin kuɗin sabo, ba tayi ba albarka, sai bayan azahar a rage rabi ga abin da ya saura. Na uku, babu bashi, ko na kwana ɗaya, domin bashi tsakanin abokan aiki shi ke ɓata zumunci. Na huɗu, duk wanda ya gane kayan gidansa a jikin ɗan wani, ya riƙe bakinsa, ya kuma ja wa 'ya'yansa kunne tun daga gida. A cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka sayar, kamar la'adar dillaliya, a zuba a asusun taimakon iyalan abokan aikinmu da suka rasu. Abin da bai samu mai saye ba, in mai shi ya yarda, a raba wa ɗaliban da kowane malamin aji ya san suna zuwa makaranta da silifas ɗin da aka ɗaure da waya.

Mu huɗu mun shirya yin aikin. 'Yar gidan tela za ta tantance kaya, kada a kawo mana tsumma. Malamar lissafi za ta riƙe rajista da kuɗi, kuma na shaide ta, ba ta sakin sisi ba bisa ƙa'ida ba. Yaya ta ce tunda an hana ciniki, ita za ta zauna a bakin ƙofa tana yi wa mutane maraba. Muna buƙatar maza huɗu ko biyar da za su kula da ɗaukar bencina da tsaron ƙofa, da malami ɗaya daga kowace makaranta da zai tattara kayan abokan aikinsa. Takarda na hannun sakatare, mai so ya rubuta sunansa kafin a tashi.

Ni kuma na yi alkawarin kayan farko da za a shigar a rajista: kwat ɗin nan mai gashi a wuya. In akwai wanda ɗansa ya samu gurbin karatu a Jos, ko wata ƙasa mai ƙanƙara, ya zo da wuri.

 Kuskuren da na yi a yafe mini. Allah ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya raya mana zuriya, ya kai mu sabuwar shekarar karatu lafiya.